Zafi Da Laima: Abin Da Tulu Ke Koya Mana

Yau za mu yi magana a kan zafin da ke kayar da mutum a gabanin damina.

Duk wanda ya taɓa ɗebo ruwa a rijiyar Kusugu ta Daura ya zuba a tulu, ya san da bazara ruwan kan yi sanyi ƙarara. Dalili kuwa, ruwa na tsattsafowa ta jikin tulun, busasshiyar iska ta shanye shi, ta tafi da zafin. Haka jikin ɗan Adam yake. Gumi ba ya sanyaya jiki sai ya bushe.

Masu auna yanayi suna ajiye ma'aunin zafi guda biyu. Ɗaya a bushe yake, ɗayan kuwa an naɗe masa jiƙaƙƙen ƙyalle a gindi. Jiƙaƙƙen shi ke nuna iyakar sanyin da gumi zai iya kawowa. Misali, a watan Afrilu busasshen ya kan nuna 40, jiƙaƙƙen kuwa wajen 20, domin iska ba laima. To, sa'ad da iskar damina ta fara busowa daga kudu, busasshen ya kan sauko 35, amma jiƙaƙƙen ya hau wajen 28. Watau zafi ya ragu, haɗari ya ƙaru. Shi ya sa za ku ga gumi na zuba, riga ta jiƙe sharkaf, amma jiki bai huce ba.

A 2010 masana suka lissafa cewa in jiƙaƙƙen ya kai 35, ko ƙaƙƙarfan saurayi a inuwa ba zai jure sa'o'i masu yawa ba. Gwajin da aka yi a Amurka daga baya ya nuna wahala na farawa tun wajen 31.

Saboda haka, manoma, ku yi sharar gona da sassafe ko bayan la'asar. Ku sha ruwa tun ƙishirwa ba ta kama ku ba. A lura da tsofaffi, da jarirai, da mata masu ciki.

In mutum ya fara jiri, ko amai, ko ruɗewa, a kwantar da shi a inuwa, a sassauta tufafinsa, a jiƙa jikinsa, a yi ta yi masa fifita. In ya suma, kada a ɗura masa ruwa a baki. A kai shi ɗakin shan magani nan da nan.

Allah ya ba mu lafiya, ya kawo damina mai albarka.