Abin da Almakashi Ya Zubar: Gyara da Datsar Hotunan Mafarautan Dabbobin Aktik



Takardar nan ta shafi hotunan dabbobi masu farauta na yankin Aktik, can ƙuryar arewacin duniya: farin beya, da dilan ƙanƙara, da kyarkeci, da farar mujiya. Wani zai ce ina ruwanmu da su, mu da ba mu taɓa taka dusar ƙanƙara ba? Ruwanmu shi ne, da zarar labarin ɗumamar yanayi ya taso, hoton beyan nan editocinmu suke ɗaukowa su datse su liƙa. Mai karatunmu kuwa ba shi da ma'aunin da zai gwada hoton da shi. In ka nuna masa saniya ramammiya zai tambaye ka, da rani aka ɗauka ko da kaka? In ka nuna masa beya ramamme, sai dai ya ce gani ya kori ji.

Hujjata ɗaya ce. Dokokin sana'armu ta jarida sun fi sa ido a kan mai ƙara abu cikin hoto da mai goge shi, alhali ruɗin da ya fi yawa ta halastacciyar ƙofa yake shigowa, wato datsa da bayanin ƙasan hoto.

Bari mu fara da gyaran da ba makawa sai an yi. Ma'aunin hasken kyamara an ƙera shi ne ya mayar da duk abin da ya gani zuwa toka-toka tsaka-tsaki. Ka nuna masa fili fari fat, sai ya zaci haske ya yi yawa, ya rage, dusar ƙanƙara ta fito kamar an watsa mata toka. Shi ya sa mai ɗauka yake ƙara haske mataki ɗaya zuwa biyu, sauran kuma a ƙarasa a kwamfuta. Inuwa a kan ƙanƙara shuɗiya take fitowa, don hasken sararin sama ne kaɗai ke kai mata, kuma ba laifi a rage shuɗin. Inda hannu ke zarcewa shi ne a kan gashin beyan. Ba fari ba ne ƙal. Silin gashinsa ba shi da launi, fatarsa baƙa ce, kuma kitsen dabbar teku mai suna sil da yake ci yakan sa jikinsa ya yi ɗorawa-ɗorawa. Mai gyaran da ya wanke shi tas ya daidaita shi da ƙanƙara ya share shaidar abin da dabbar ke ci, ya kuma ƙona zaren gashin har ba a ganin komai sai farin tabo.

Gasar hoton namun daji ta Gidan Tarihin Halittu na Landan ta yarda da irin wannan daidaita haske da launi, ta yarda da datsa, amma tana neman ɗanyen hoton da ya fito daga kyamara kafin ta ba da kyauta. Ba ta wasa kuma. A 2010 ta ƙwace babbar kyautar da ta ba José Luis Rodríguez, bayan alƙalai sun gamsu cewa kyarkecin da ya ɗauka yana tsallake ƙofar shinge na gida ne, ba na daji ba.

Yanzu ga datsa. Tun daga 1 ga Janairu 2025, dokar Nowe ta hana kusantar farin beya a tsibiran Svalbard ƙasa da mita 300, daga 1 ga Maris zuwa 30 ga Yuni kuwa mita 500. Mu yi lissafi tare. Beya mai tsawon mita 2.5, a nisan mita 300, da gilashin kyamara mai jawo nesa na milimita 600, hotonsa a kan farantin kyamarar milimita 5 ne kacal, cikin faɗin milimita 36. Kashi ɗaya cikin bakwai ke nan. A kyamara mai megafiksel 45, tsawon dabbar bai wuce ɗigo 1,150 ba. Ya wadatar a fuskar waya, amma ba zai cika shafin mujalla ba, domin shafin A4 mai kyan bugu yana cin ɗigo 2,480 a faɗi da 3,508 a tsawo. Saboda haka duk hoton Svalbard na yanzu da ka ga beya ya cika shi maƙil, ka san an zubar da mafi yawan abin da kyamara ta gani. Ni ban ga aibu a nan ba. Gara a datse hoto da a kori uwa da 'ya'yanta daga bakin raminsu don neman kusanci.

Tambayar ita ce, me aka zubar? A Kaktovik da ke Alaska, da kaka beyaye sukan taru a kan tarin ƙasusuwan kifin wale da mafarautan ƙabilar Inufiyat suka bari, ga gidajen gari a baya. A Churchill ta Kanada, a watannin Oktoba da Nuwamba, suna jiran tekun Hudson ya daskare, masu yawon buɗe ido na kallonsu daga manyan motoci masu ƙatuwar taya. Ka ja layin datsa ka fitar da ƙasusuwan da motocin, sai ga beya shi kaɗai a daji marar kowa. Ba a ƙara ɗigo ko ɗaya ba, ba a goge ba, amma labarin ya sauya, kuma mutanen da ke zaune da dabbar nan kullum sun ɓace daga cikinsa. Haka farar mujiya da ake gani ta taso tana miƙa ƙumba: a wasu wurare a Kanada ɓera ake saya a jefa mata, sannan a datse ɓeran.

Don ganin bambancin mai ƙara abu cikin hoto da mai ruɗin bayani, ku dubi misalai biyu. A watan Mayu 2010 mujallar Science ta buga wasiƙar masana 255 kan sauyin yanayi, ta haɗa da hoton beya tsaye a kan ɗan guntun ƙanƙara a tsakiyar teku. Ashe haɗe-haɗen kwamfuta ne. Nan da nan aka gano, mujallar ta sauya shi. Wannan ƙarya ce mai gajeren kwana.

Na biyun ya fi wuya. A Disamba 2017 National Geographic ta fitar da bidiyon Paul Nicklen da Cristina Mittermeier na wani beya da yunwa ta gama da shi a tsibirin Somerset na Kanada, yana jan ƙafa yana tonon wata tsohuwar ganga. Abin da aka ɗauka gaskiya ne. Rubutun da aka ɗora a kai ne ya ce ga kamannin sauyin yanayi. A Agusta 2018 mujallar ta amsa cewa ta wuce gona da iri, domin ba wanda ya san abin da ya kai wannan beyan ga wannan hali, ko ciwo ne, ko tsufa, ko rashin abinci. Kafin nan bidiyon ya riga ya zaga duniya. Abin haushin, ba a buƙatar ƙarin gishirin: ma'aunin tauraron ɗan'adam tun 1979 ya nuna ƙanƙarar tekun Aktik ta watan Satumba tana raguwa da kusan kashi 12 cikin 100 duk shekara goma. Sai ga shi an miƙa wa masu musun sauyin yanayi sanda da hannunmu.

Abin da nake ba ɗakunan labaranmu shawara bai da tsada. Hoton kyamara a kwance yake zuwa, uku bisa biyu. In ka mayar da shi tsaye don fuskar waya, tara bisa sha shida, kashi 37.5 cikin 100 kawai ya rage. Kafin edita ya danna, ya dubi abin da ke cikin sauran, ya tambayi kansa ko mai karatu zai sauya ra'ayi in ya gan shi. In zai sauya, ko dai a bar shi, ko a faɗe shi a ƙasan hoto. A ajiye cikakken hoton a taska tare da datsattsen. Bayanin ƙasan hoto ya ƙunshi wuri, da wata, da shekara, da sunan mai ɗauka. Watan yana da muhimmanci, don beyayen tekun Hudson sukan shafe watannin da babu ƙanƙara kusan ba ci, suna rayuwa da kitsen jikinsu. In kuwa hoton daga rumbun sayar da hotuna aka ɗauko, ba wuri ba kwanan wata, to a rubuta ƙarara cewa hoton misali ne.