Kafin a Shafa Jan Fenti a Katangarki

Yau a kan titi zan yi magana, kuma don Allah kada wata ta ce wannan zancen maza ne da injiniyoyi.

Ku dubi Ungogo da Kumbotso. Bachirawa, Rijiyar Zaki, Danbare, Mariri, wuraren da iyayenmu suka sani da gonakin dawa da gero, yau gida ne a jikin gida. A ƙidayar 2006 jihar Kano ta haura mutum miliyan 9, kuma tun daga lokacin ba a daina haihuwa ba, ba a daina ƙaura zuwa birni ba. An taɓa yi wa birnin Kano tsarin shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, amma garin ya daɗe da yi wa wannan rigar girma. Titin Eastern Bypass da aka yi don manyan motoci su kewaye gari, yanzu gari ya haɗiye shi. Ki je Hotoro ki gani.

To sababbin hanyoyi dole ne a fitar da su, yau ko gobe. Tambayar ita ce ta ina za su bi, kuma wa aka tambaya.

Na fara da awon igiya, don nan ne kuɗinmu ke nutsewa. Mace ta shekara uku tana zubin adashe, ta sayar da akuyoyinta, ta haɗa da ɗan kunnen aurenta, ta sayi fili a hannun dillali. Mai gona ya yanka filaye iya son ransa, bai bar titi ba, bai bar magudanar ruwa ba, sai wani lungu da ko A Daidaita Sahu ba ta iya juyawa a ciki. Ranar da naƙuda ta kama wata da tsakar dare, a kafaɗa ake fito da ita zuwa bakin titi. Ranar gobara kuwa, motar kashe gobara tana can nesa tana jiniya. Sannan bayan shekaru a zo fitar da hanya, layin ya bi ta tsakiyar ɗakinki. Don haka kafin ki ba da ko naira ɗaya, ki je hukumar tsara birane, KNUPDA, ko ki tura ɗanki, a duba ko filin yana kan hanyar da aka tsara. Kuɗin motar zuwa can bai kai kuɗin bulo goma ba.

Sai maganar diyya, ku saurara da kyau. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓar fili don amfanin jama'a, kuma titi yana ciki. Diyyar da dokar ta tanada ta abin da ke kan ƙasar ce, wato gini, shuka, bishiyoyi, rijiya. Saboda haka ranar da masu ƙiyasi suka zo, a ƙirga komai a gabanki, har bishiyar mangwaron da ke tsakar gida da shagon da kike sayar da ƙosai a ƙofarsa. Ki ɗauki hoto da wayarki. Idan kuma gidan gado ne da ba a raba ba, to nan ake cutar zawarawa da marayu, domin suna ɗaya ake rubutawa, sau da yawa na babban wa, kuɗi su shiga asusunsa, shi ke nan sai labari. A rubuta sunayen magada duka a gaban mai unguwa tun ba a kai ga biya ba.

Abin da za mu nema a kan kowace sabuwar hanya ba shi da yawa. Magudanar ruwa a fara da ita, ba sai an zuba kwalta ba, in ba haka ba damina ta farko ruwan titi cikin ɗakunanmu zai kwana. Gadar masu tafiya da ƙafa ko tudun rage gudu a gaban kowace firamare da Islamiyya, tunda 'ya'yanmu ne ke tsallakawa safe da yamma. Fitilu. Da wurin da aka ware wa masu awara, masu waina da masu kayan miya, kada a gama titi a kore su da sunan gyaran gari.

Kowace shugabar mata ta mazaɓa, ki tara matan unguwarki a wannan makon. Ku rubuta lungunan da mota ba ta shiga, da wuraren da ruwa ke kwanciya, da inda yara ke tsallaka titi. Ku sa hannu, kwafi ɗaya ga kansila, ɗaya ga mai unguwa, ɗaya ki riƙe a wajenki, ki turo mana hotonsa a nan. Wadda ba ta iya rubutu ba ta yi saƙon murya, za mu rubuta mata.

A tura wa sauran 'yan'uwa da ba sa cikin wannan zaure.