Araha Ba Ta Ado: Tikitin Jirgin Sama Kafin Hawa Jirgin Ruwa

 

Yau zancenmu na tafiya ne. Wata baiwar Allah ce ta aiko mana da tambaya. Ɗanta da ke zaune a Amurka ya biya musu kuɗin hutu na mako guda a jirgin ruwa, irin manyan nan masu ɗakunan kwana da wurin cin abinci, wanda zai tashi daga birnin Mayami. Ita za ta taso daga gida ta same su can. Maigida ya ce a nemi tikitin jirgin sama mafi araha, ita kuma hankalinta bai kwanta ba. To Hajiya, kin yi daidai da kika tambaya. Ko da ba ke za ki sayi tikitin ba, ai ke za ki zauna a kujerar.

Abu na farko, jirgin ruwa ba ya jiran kowa. Yakan tashi ne da yamma, kuma ana rufe shiga tun kafin lokacin. In kika makara, kuɗin da yaron nan ya zuba sun tafi. Don haka kada a sayi tikitin da zai sauke ki ranar tashi. A bar kwana ɗaya a tsakani, biyu ma ya fi. Tafiya daga Legas zuwa Atlanta kaɗai ta kai awa 12, sannan a ƙara kusan awa 2 zuwa Mayami. Agogonsu kuma yana bayan namu da awa 5 ko 6, jiki sai ya huta kafin ya saba. Ga shi daga watan Yuni zuwa Nuwamba lokacin guguwa ne a wannan yanki, akan soke tashin jirage.

Na biyu, a tambaya me ke cikin kuɗin. Akwai tikitin da za ki ga ya fi kowanne sauƙi, ashe babu akwati a ciki, ba a canza rana, ba ki da zaɓin kujera. Wasu kamfanonin arahar ma abinci sai an saya. Akwati guda yawanci kilo 23 ne, abin da ya ɗara sai tara. In aka tattara waɗannan, sau da yawa arahar ta koma tsada. Kuma ki sani, kamfanin WOW Air na ƙasar Aisilan, wanda ya yi suna wajen arahar ƙetare tekun Atlantika, ya durƙushe a watan Maris na 2019, ya bar fasinjoji zube a filayen jirgi. Kamfanin da ke da jirage da yawa a hanyar, in ɗaya ya samu matsala zai sa ki a wani.

Na uku, tikitin ya zama guda ɗaya tun daga gida har Mayami. Daga Kano babu jirgin da ke zuwa Amurka kai tsaye, dole a ya da zango, ko a Legas, ko Alƙahira, ko Doha, ko Adis Ababa. In tikiti ɗaya ne kuma jirgin farko ya makara, nauyin kamfani ne ya nema miki wani. In kuwa an yanka shi biyu don a rage kuɗi, asarar taku ce. A kuma bar tazarar awa 3 ko fiye a garin da za ki fara sauka a Amurka, domin a nan ake duba fasfo, ki ɗauki akwatinki a bincika, sannan ki sake ba da shi.

Na huɗu, biza. Jiragen ruwan Mayami sukan fita zuwa Bahamas ko Meziko su dawo, wato kin fita daga Amurka kin sake shiga ke nan. A watan Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar ziyara ta 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya, daga baya ma ta ƙara tsaurara dokar. Saboda haka kafin a biya ko kobo, yaro ya karanta abin da aka rubuta a bizarki, ya tambayi kamfanin jirgin ruwan. Fasfo kuma ya zama da sauran aƙalla wata 6.

Sai abin da ya shafe ki ke kanki. Ki ce a nema miki abincin halal tun kwana biyu kafin tafiya. Kamfanoni irin su Qatar Airways da Turkish Airlines da EgyptAir abincinsu na halal ne dama. Ki ce kujerar bakin hanya kike so, don ki riƙa tashi kina taka ƙafa, saboda dogon zama yana kumbura ƙafa, har jini kan daskare a jijiya. In gwiwa na damunki, a nemi keken guragu tun wajen sayen tikiti, kyauta ne, ba abin kunya ba ne. Maganinki na hawan jini ko na suga, da kaya kala biyu, su zauna a jakar hannu, ko da akwati zai yi nawa.

Tsaraba kuwa, na san halinmu. Kilishi da dambun nama ba sa shiga Amurka, ƙwacewa za a yi. Duk abincin da kika riƙo ki faɗa da bakinki, ɓoyewa ke jawo tara.

To uwargida, in maigida ya dawo ya ci abinci ya huta, ki zauna ki yi masa bayani cikin ladabi. Ki ce, Alhaji, ƙarin da za a yi a tikitin nan bai kai asarar da za a yi ba in jirgin ruwa ya tafi ya bar ni. Na tabbata zai duba.

Nan za mu dakata. Allah ya kai matafiya lafiya, ya dawo mana da su lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.