Tsamiya A Cikin Kasko

 

An ce in yi bayanin 'yar tsamiyar nan da kuka ga na shigo da ita a cikin kasko. Shekararta 9, amma tsawonta bai wuce kamu biyu ba. Ba cuta gare ta ba, haka na raine ta. Wannan dabara ana ce mata bonsai. Daga Sin ta samo asali, mutanen Japan suka ƙware a kanta. Akwai wani itace irin wannan da ake raino tun 1625, ya tsira daga bam ɗin Hiroshima a 1945, aka kyautar da shi ga Amurka a 1976.

Ni kuwa tsamiyarmu na zaɓa, domin ta san fari, kuma ba kasafai take rabuwa da ganyenta ba. Ga yadda ake yi. A jiƙa ƙwallon ya kwana cikin ruwa, a shuka, cikin mako biyu ya tsiro. In ta shekara, a tono ta a datse uwar saiwar, a dasa cikin kasko mai huda a gindi, da ƙasa mai yashi da ɗan taki. A riƙa tsinke kan sabon toho. A lanƙwasa rassa da wayar tagulla, amma a cire kafin ta ci ɓawo. Bayan kowace shekara biyu, a farkon damina, a rage saiwoyin a sake ƙasa.

To, jama'a, ga inda na yi kuskure. Ta farkon da na raina, na yi tafiyar kwana goma da bazara, na ce ai tsamiya ba ta jin ƙishirwa. Na dawo na tarar ta bushe ƙayau. Ashe ta daji da doguwar saiwarta take nemo ruwa, ni kuwa da hannuna na yanke wa tawa. Wanda ka hana shi nema, ai ciyar da shi ya hau kanka. Tun ranar, kullum da asuba sai na taɓa ƙasar da yatsa, in ta bushe in ba ta ruwa.

Malamanmu, haka kuka yi da mu sa'ad da aka raba mu da gida aka damƙa muku. Allah ya saka da alheri. Ga ƙwallaye na zo da su, mai so ya same ni bayan an tashi.