Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan'uwanmu mazauna ƙasar Amurka ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya, a kan kula da motar gida



Kwamitin shirya wannan taro ya nemi in yi magana a kan abin da na sani da hannuna. To, na zaɓi in yi magana a kan motar gida, wato irin motar nan da ake gina ɗaki a cikinta, da gado da madafa da makewayi, mutum ya kwashi iyalinsa su yi mako ko wata suna yawo, inda dare ya yi musu nan ne gida. Ba kasafai ake ganin irinta a titunanmu ba, amma a Amurka da Turai ruwan dare ce. Kamfanin Winnebago na jihar Ayowa ya fitar da tasa ta farko a 1966, kuma yankin Elkhart a jihar Indiyana shi ne cibiyar ƙera su a Amurka. Shekara 11 ke nan ina riƙe da ɗaya.

Na san wani zai ce a ransa, me ya haɗa mu da wannan mota? Amsa ita ce, kayan da ke cikinta su ne kayan da ke gidajenku a yau: batir, da inbata, da janareta, da tukunyar gas, da tankin ruwa. Bambancin kawai, ita motar gida ana girgiza ta duk ranar da aka hau hanya, saboda haka noti yakan kwance, waya ta saki, gam ya tsage. Lalacewar kuma takan zo ne a daji, nesa da gareji, a ƙasar da makaniki ke cajin kuɗinsa da awa. Shi ya sa mai motar dole ya zama shi ne makanikinta na farko. Ƙa'idar aikin ba ta da yawa. A fara bincike daga tushen abu a biyo shi mataki-mataki, a fara zargin ƙaramin abu mai araha kafin babba mai tsada, sa'an nan a riƙa canja abu ɗaya a gwada kafin a taɓa na biyu.

Bari in fara da wuta. Wuta iri biyu ce a cikin motar. Akwai ta batir mai bolt 12, ita ke kunna fitilu da famfon ruwa da fanka. Akwai kuma irin ta gida, bolt 120 a Amurka, 230 a Turai, wadda ake jonawa a sansanin da aka sauka ko a samu daga janareta, ita ke ɗaukar iyakwandishan da soket-soket. Batir ma kashi biyu ne, na tayar da inji daban, na ɗaki daban, don kada mutum ya kwana da fitila ya wayi gari mota ta ƙi tashi. Saboda haka idan abu ya mutu, tambayar farko ita ce, wace wuta yake sha? Idan fitilu na aiki amma soket sun mutu, to batir ba shi da laifi, sai a duba bireka da filogin waje. Idan kuwa fitilu sun dushe kuma famfo yana nishi, sai a nufi batir.

Mitar awon wuta ita ce idon mai mota. Batir mai ruwa, idan ya huta na 'yan sa'o'i, zai nuna bolt 12.6 ko 12.7 in ya cika, ya nuna kusan 12.2 in ya yi rabi. Wanda ake yawan zuƙe shi ƙasa da rabi, ko a bar shi a mace na makonni, ba ya yin tsawon rai. Idan an jona wutar waje, ya kamata mita ta haura bolt 13. In ba ta haura ba, caja ba ta aiki, ko kuma fis ɗinta ya ƙone. A riƙa duba kan batir, domin farin garin nan da ke taruwa a kansa yana tare wuta. In ruwa ya ja baya, tataccen ruwa ake ƙarawa, ba asid ba, ba kuma ruwan rijiya ba. Sabon batir na litiyom yana jure a zuƙe shi sosai, amma ba a yi masa caji idan sanyi ya kai na daskarewar ruwa.

A nan dole in gode wa malamanmu na kimiyya. Kun tuna lissafin nan da aka sa mu haddace, cewa bolt sau amfiya shi ke ba da wat? A Amurka, jonin wuta na matsakaiciyar mota amfiya 30 ne. A ninka da bolt 120, wat 3,600 ke nan, ba ƙari. Iyakwandishan shi kaɗai yana cin kusan rabi. In uwargida ta kunna butar lantarki, yaro ya kunna na'urar ɗumama abinci, sai bireka ta faɗi. Babu abin da ya lalace, kaya ne ya fi ƙarfin jaki. Haka kuma idan fis ya ƙone, da irinsa ake musanya shi. Wanda ya sa babba, ko ya naɗa waya a gurbinsa, ya cire mai gadi ne, kuma wayar da ke cikin bango ita za ta yi zafi ta kama.

Janaretan motar gida yawanci daga tankin motar yake shan mai. Masu ƙera ta da gangan suka sa bututunsa bai kai ƙasan tanki ba, yadda in mai ya sauka wajen rubu'i sai ya mutu, don ya bar wa mota na isa gidan mai. Mutane da yawa sukan kira makaniki a kan wannan, alhali da sun dubi allurar mai da sun huta. Zama kuma yana kashe janareta, domin fetur in ya daɗe yakan yi danƙo ya toshe kafireta. Maganinsa a tayar da shi sau ɗaya a wata, ya yi kamar awa biyu yana ɗauke da rabin kayansa.

Yanzu sai gas, kuma ina roƙon a ba ni kunne sosai, don a nan ne rai yake. Iskar gas ɗin girki ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, saboda haka in ta tsiyaye ƙasa take kwanciya. Shi ya sa ake kafa na'urar jin ƙanshinta kusa da daɓe. Asalinta ba ta da wari, da gangan ake zuba mata wannan ɗoyin don hanci ya gane. Duk wanda ya ji shi, ya rufe tukunya, ya buɗe ƙofa da tagogi, ya fitar da kowa, kada ya taɓa ko da makunnin fitila. Ana neman wurin yoyo da ruwan sabulu, inda ya yi kumfa nan ne, ba a nema da ashana. Ba a cika tukunya fiye da kashi 80 cikin 100, domin gas yana kumbura da zafi. Harshen wutar murhu kuma shuɗi ya kamata ya kasance. In ya koma rawaya yana baƙanta tukunya, to ƙonewar ba ta cika ba.

Wannan rashin cikar ƙonewa shi ke haifar da iskar da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Tana fitowa daga salansar janareta da murhu da gawayi. Alamunta ciwon kai, da jiri, da kasala, kuma mai barci ba ya farkawa ya ba da labari. A motar gida ba a kwana da janareta sai an tabbata hayaƙinsa ba ya komawa ta taga, ba a kuma ɗumama ɗaki da murhun girki. Na'urar da ke kuka in ta ji wannan iska tana da ranar ƙarewar aiki a rubuce a bayanta, yawanci shekara biyar zuwa bakwai. 'Yan'uwa, wannan iskar dai ita ce ke kashe iyali guda a nan gida idan aka shigar da janareta cikin ɗaki ko lungu don tsoron ɓarayi ko ruwan sama.

Manyanmu za su tuna firjin kananzir na ɗakunan shan magani. To, irinsa ne a yawancin tsofaffin motocin gida, sai dai da gas ko lantarki ake ɗumama shi. Wasu ɗalibai biyu 'yan ƙasar Suwidin, Baltzar von Platen da Carl Munters, su suka ƙirƙiro shi a 1922, kamfanin Electrolux ya yaɗa shi duniya. Ba shi da inji. Zafi ke tura amoniya sama, nauyinta ya dawo da ita ƙasa, saboda haka dole mota ta tsaya daidai in yana aiki. Idan aka bar shi a kunne a kan gangara, ruwan cikinsa ba ya zagayawa, bututu ya yi zafi ya toshe. In ya ƙi sanyi, a fara ɗora ma'aunin magina a gani, a duba ko wutarsa na ci, a kuma ba shi lokaci, don yakan ɗauki sa'o'i da dama. Amma in aka ji warin amoniya ko aka ga garin rawaya a bayansa, a kashe shi nan take.

Tankunan ruwa uku ne: na ruwan sha, da na ruwan wanka da wanke-wanke, da na masai. Famfon ba ya tashi sai an buɗe kan famfo. Idan aka ji yana tashi shi kaɗai cikin dare alhali ko'ina a rufe, to ruwa na zurara a wani wuri, ko kuma bawul ɗin cikinsa ya saki. Tankin sha ana wanke shi da bilic marar turare, rubu'in kofi ga galan 15, a bar shi aƙalla awa huɗu, a zubar a ɗauraye har warin ya fita. Tankin masai kuwa ba a barinsa a buɗe, sai ya kusa cika ake juye shi don ruwa ya kwashe komai, sa'an nan a biyo da ruwan wanka ya wanke tiyo. Kafin hunturu kuma sai an tsiyaye duk bututu, domin ruwa in ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, ya fasa abin da ke riƙe da shi.

Babban maƙiyin motar gida shi ne ruwan sama, domin ɓarnarsa a ɓoye take. Rufin yana da huji da yawa, na fanka da na iyakwandishan da na eriya, kowanne an toshe gefensa da gam, rana kuma tana busar da gam. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kafin a ga tabo a sili, katakon ciki ya riga ya ruɓe. Don haka nakan hau rufin duk bayan wata uku, in kuma danna bango a gefen tagogi in ji ko ya yi laushi.

Taya ma shekaru ke cin ta, ko da zanenta na nan kamar sabuwa, domin motar gida ta fi zama a kan tafiya. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT. In kun ga 2319, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2019. Kamfanin Michelin ya ba da shawarar a riƙa kai taya wa gwani duk shekara in ta kai shekara biyar, a kuma cire ta in ta kai goma. Don Allah, in mun fita daga nan kowa ya duba tasa. A auna iska da safe kafin tafiya, a kuma tuna cewa kowace litar ruwa kilo ɗaya ce a kan tayar.

Sanin iyaka ma yana cikin kula. Gyaran birki, da haɗa bututun gas, da shiga cikin akwatin babbar wuta, aikin ƙwararru ne. Abin da ke kan mai mota shi ne ya je wurin makaniki da bayani: ga abin da ya faru, ga lokacin, ga abin da mita ta nuna. Shi ya sa nake ajiye littafi a cikin motar, ina rubuta kwanan wata da duk abin da aka duba ko aka canja, kamar yadda aka koya mana rubuta sakamako a ɗakin gwaje-gwaje.

Daga ƙarshe, ina da shawara ga ƙungiya. Cikin gudummawar bana, mu saya wa ɗakin kimiyya mitocin awon wuta, mu kuma keɓe rana ɗaya injiniyoyin cikinmu su zo su nuna wa ƙannenmu yadda ake auna batir, da neman yoyon gas da ruwan sabulu, da inda ake ajiye janareta. Ni na ɗauki nauyin mita goma na farko.

Malamanmu, Allah ya saka muku da alheri, waɗanda suka riga mu kuma Allah ya jiƙansu.