Haƙƙin Mai Gyaran Famfo Daban, Na Goro Daban

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu ya gabatar a taron ƙungiya na wata-wata a Sabo, Ibadan.

Ni ba malami ba ne, ɗan tireda ne, iyakar karatuna na Islamiyya. An ce in yi magana kan abin da ya shafi zamanmu da maƙwabta, sai na zaɓi maganar masu gyaran famfo. Na ga wasu sun fara murmushi. To, ku yi haƙuri ku ji.

Tun 1916 aka kafa Sabo, yau fiye da shekara ɗari ke nan. Mun san goro, mun san shanu, mun san canji, amma bututu ya fashe a gidan ɗayanmu, ko masai ya toshe, galibi Bayarabe ake kira daga Mokola ko wata unguwa. Da can ruwan Eleyele da na Asejire muke jira. Yanzu gidaje da yawa sun koma rijiya da burtsatse, ga tanki a sama, ga injin jan ruwa, don haka buƙatarmu ga waɗannan mutane ƙaruwa ta yi.

Inda matsalar take, mu Hausawa muna jin nauyin yin ciniki da mai aiki. Ya tambaye ka nawa za ka biya, sai ka ce, “Haba, yi aikinka, ai ba za mu ɓata ba.” Wallahi wannan kalma ta ɓata mutane da yawa. Ni kaina ta taɓa ci na. Wani ya yini yana fasa siminti a tsakar gidana yana neman inda ruwa ke yoyo, ban tambaye shi kuɗin aiki ba, shi ma bai faɗa ba. Da ya gama na miƙa masa abin da a ganina na kyauta masa, har ina jiran godiya. Ya ƙirga, ya ajiye min a kan tabarma. A wurina kyauta na yi, a wurinsa ko rabin haƙƙinsa ban biya ba. Muryoyi suka tashi, yara suka taru a ƙofar gida, sai da wani dattijo maƙwabcina ya shiga tsakani. Daga baya da na zauna na yi lissafi, na ga laifin nawa ne.

Kuma ai mun karanta a Risala, a babin ciniki, cewa jinga da haya suna halatta ne idan an ambaci lokaci an kuma ambaci kuɗi. Malamai na nan, in na yi kuskure su gyara min. Ga kuma hadisin nan da Ibn Majah ya ruwaito, wanda ke umartar a gaggauta biyan ma'aikaci tun guminsa na jikinsa. Saboda haka kuɗin aiki bashi ne a wuyanka, ba alfarma kake yi ba. Yarabawa suna ce masa “owo ise”, kuma da yawansu suna da ƙungiyoyin sana'a da ke tsayar da farashi, ba su ɗaukar abin da wasa. A tsayar da magana kafin ya taɓa sifana: kuɗin kaya kaza, kuɗin hannu kaza. In shi zai sayo kayan, ya kawo rasit, ba don ana tuhumarsa ba, don zuciyar kowa ta kwanta.

Sai an sauke wannan nauyi sannan ake maganar na goro. Mu 'yan kasuwa mun san gyara. Ba ka tauye mudu sannan ka ce ka yi gyara, sai mudu ya cika. Har Yarabawa sun ari kalmar daga bakinmu, suna cewa “jara”. To haka kyautar mai aiki take. Ba dole ba ce, wanda bai bayar ba bai yi laifi ba, amma akwai inda ta dace ƙwarai: mutumin da ka taso cikin dare ko ranar Lahadi ya bar cocinsa, ko wanda ya zura hannunsa cikin ƙazantar da kai mai gidan ba za ka iya tsayawa kusa da ita ba. Ni dai abin da nake yi, in aikin na naira 10,000 ne, nakan ɗora 1,000, in ya sha wuya fiye da yadda muka zata in ƙara. Wannan ra'ayina ne, kowa ya duba aljihunsa. Kuma ka miƙa kuɗin aiki daban, ya ƙirga, sannan ka miƙa kyautar daban ka ce wannan na shan ruwa ne. In ka haɗa su, gobe zai ɗauka farashin ke nan.

Kada a manta da yaron da ke biye da shi. Shi ke haƙa, shi ke ɗaukar jaka, kuma yawancin masu koyon sana'a ba su da albashi sai sun yi abin da suke kira firidom. Ɗari biyar a hannunsa ta fi dubu biyu a hannun ubangidansa daɗi. Amma ka ba shi a gaban ubangidan, kar ya ga kamar kana zuga masa yaro.

Sai batun cikin gida. Yawancinmu masu kulle ne. Mai gida ya tsaya da kansa, ko ya sa babban ɗansa, a sanar da mata kafin baƙo ya shigo, kuma kuɗi su fito daga hannun namiji. A ba shi ruwan sha, in lokacin abinci ya yi a zuba masa, a ce masa “e ku ise”, wato sannu da aiki. Amma abinci ba ya maye gurbin kuɗi, na taɓa jin wanda ya rage wa mai aiki kuɗi wai ai ya ci tuwo.

Wani abu kuma da ake laƙaba wa sunan goro alhali ba shi ba ne: ka ba wani kuɗi ya jona maka ruwa ta bayan fage, ko ya karkatar da ƙazantar gidanka cikin kwatar maƙwabci. Wannan cin hanci ne, kar mu yaudari kanmu.

Me ya sa na dage kan ƙaramin abu haka? Duk wanda ke garin nan a watan Fabrairu na 2021 ya ga abin da ya faru a kasuwar Shasha. Daga cacar bakin mutum biyu aka fara, aka ƙare da asarar rayuka da ƙona shaguna, mutanenmu da dama suka kwashe kaya suka koma Arewa. A nan, in Bahaushe ɗaya ya yi rigima da mai aiki, ba a cewa wane ne ya hana kuɗi, sai a ce Hausawa ne.

Ina roƙon shugaba, in zai yiwu, sakatare ya buɗe littafi a rubuta sunayen masu gyaran da muka gwada muka ga amanarsu, wanda kuma ya samu saɓani da mai aiki ya kawo wa dattawa kafin maganar ta fita titi. Na ga ladan ya miƙe, bari in tsaya haka. Wassalamu alaikum.