Iyakar Aiki Kafin Takardar Shaidar Inganci

Kaduna ba baƙuwar ƙera jiragen sama ba ce. A shekarun 1990 kamfanin AIEP ya harhaɗa wa rundunar sojin sama jiragen horo 60 na Air Beetle, bisa zanen RV-6A na kamfanin Van's na Amurka. A Fabrairun 2018 kuma Shugaba Buhari ya ƙaddamar da Tsaigumi, jirgi marar matuƙi, a wannan birni.

To amma duk masana'antar da ke son manyan kamfanonin jiragen sama na duniya su sayi kayanta, sai ta nemi shaidar AS9100, wadda aka gina kan ISO 9001. Sashe na 4.3 ya wajabta mata ta rubuta iyakar aikinta: me take ƙerawa, a wane wuri, kuma wace ƙa'ida ce ba ta shafe ta ba, tare da hujja.

Mai sarrafa ƙarfe bisa zanen abokin ciniki zai iya ajiye sashe na 8.3 na zane. Wanda kuwa ya taɓa zanen da kansa, ko da sauya injin ne, masu binciken shaidar za su nemi takardun gwajinsa ɗaya bayan ɗaya.